Linzami da ragama: Nauyin da bakin doki ke ɗauka a ƙasar Daura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Daura ranar Hawan Sallah, ko ranar Hawan Magajiya, ko lokacin Sallar Gani cikin watan Rabi'ul Awwal, ya san inda idon 'yan kallo ke sauka. Ana kallon rawani da alkyabba, ana kallon jalala da ɗan ƙirji, da likkafar da aka sha gogewa tana ɗaukar ido. Hakimai da dagatai daga Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu suna shigowa da tawagarsu, kowa ya ƙure adaka, domin su kai gaisuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan karaga tun 2007. Sai dai a cikin kayan nan duka, wanda ya fi tasiri a jikin dokin a ɓoye yake. Wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, yana kwance a kan harshensa, sai kuma igiya ko fatar da ta zagaye hancinsa. Waɗannan biyun su ke yanke hukuncin ko dokin zai koma turke lafiya ya ci harawarsa, ko kuwa zai kwana uku yana zubar da dawa daga baki saboda ciwo.

Mai doki kan yi wata guda yana cinikin sirdi, ya je Kano ya dawo a kan kayan ado, amma linzami sai ya ɗauki wanda ya tarar a rataye a barga, ko wanda ya fi araha a kasuwa. Ga shi kuwa babu wani kaya na doki da ya fi buƙatar a zaɓe shi da natsuwa, domin kowane doki da irin bakinsa, kowane mahayi da irin hannunsa.

Dalilin da ya sa linzaminmu ke da ƙarfi

Doki tsohon baƙo ne a Daura. Labarin da aka gada daga kaka da kakanni ya nuna a kan doki Bayajida ya shigo garin, kuma neman ruwa ne ya kai shi rijiyar Kusugu cikin dare. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali a can. Masanin tarihi Robin Law, a littafin da ya wallafa a 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya danganta ƙarfin rundunonin dawaki na wannan yanki da shigowar manyan dawaki da sirdi da likkafa daga Arewacin Afirka. Ta wannan hanyar ta Sahara samfurin linzami mai zobe, wanda maƙeranmu ke ƙerawa har gobe, ya yaɗu a ƙasar Hausa da Barno.

A fagen fama aka san amfaninsa. Barde yana riƙe da mashi ko takobi a dama, hagunsa na fama da garkuwa da kamazuru, ga dokin an lulluɓe shi da lifidi, ga ƙarar tambura da ihun mutane. A irin wannan hali ana buƙatar ƙarfen da ɗan motsin yatsa zai sa ingarma ya tsaya cak ko ya juya nan take. Ƙasar Daura ta sha irin wannan zamani. Daga 1805, lokacin da Malam Isiyaku ya ci garin, mai sarautar Daura, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, har zuwa 1906 da aka maido da Malam Musa kan sarauta, gidan sarautar ya rabu tsakanin Daura da Zango da Ɓaure, ga kuma Damagaram a arewa da rundunarta. Doki da kayansa a lokacin maganar rai da mutuwa ce.

Yaƙi ya wuce, jafi ya saura. Mahaya su taso a sukwane, su zo daf da Sarki su yi zamiya, ƙura ta tashi, su ɗaga hannu da jinjina. Wannan tsayuwar ita ce gadon da linzami mai zobe ya bari. Abin da ake yawan mantawa shi ne, barden da ya riƙe wannan ƙarfe tun yana yaro yake kan doki, dokin kuma an daɗe ana horar da shi kafin a sa masa. Yawancin lokaci igiyar a sake take, nauyin ƙarfen kawai dokin ke saurare.

Yadda ƙarfen ke aiki

Ɗauki linzamin gargajiya ka juya shi a hannunka. Akwai sandar da ke gittawa cikin baki. A tsakiyarta akwai wani harshe na ƙarfe da ya miƙe sama. A saman harshen nan aka maƙala babban zobe, wanda ake zura haɓar doki a ciki idan za a sa linzamin. Daga gefe biyu kuma ƙafafu sun sauko, a ƙarshensu ake ɗaura igiya. Muddin igiyar na sake, harshen ƙarfen a kwance yake a kan harshen doki, ba ya cutar da shi. Da zarar an ja, ƙafafun su koma baya, harshen ya tashi ya doki ganɗa, zoben ya matse haɓa daga ƙasa, sandar ta danne dasashi daga sama. Muƙamuƙin ƙasa ya shiga tsakanin ƙarfe biyu ke nan. Gwargwadon tsawon ƙafafun, gwargwadon yadda ƙarfin hannun mahayi ke ninkuwa kafin ya isa bakin.

Wurin da sandar ke zama shi ne giɓin da ke tsakanin haƙoran gaba da turame. Ka sa babban yatsanka a wurin ka taɓa, za ka ji ƙashi ne mai ɗan kaifi, fata siririya ta rufe shi, babu tsokar da za ta tare masa. Idan aka yi ta dukan wurin, sai ya kumbura, ya fashe, ya warke da tabo, wani lokaci har ƙashin ya tsiro da ƙari. Daga nan sai ka ji ana cewa dokin taurin baki gare shi, a nemo masa linzamin da ya fi na da tsanani. Da haka ake kashe bakin doki, alhali ba da taurin aka haife shi ba.

Haƙora ma suna da nasu labarin. Ingarma yakan kasance da haƙora 40, goɗiya 36, domin yawancin goɗiyoyi ba su da fiƙa. Tsakanin shekara biyu da rabi zuwa biyar doki yana famfara, bakinsa a tsame yake, ga shi kuma a daidai wannan lokacin ake fara hawansa. Wasu dawakin suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turmin farko na sama, daidai inda ƙarfe ke bugawa. Bugu da ƙari, turamen doki ba sa daina fitowa, kuma da yake muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, gefen waje na turamen sama yakan yi kaifi ya riƙa yankar kunci daga ciki. Likitan dabbobi yana iya goge wannan kaifin da magagari na musamman. Doki da yawa da ake zargi da tutsu, wannan ɗan aikin kawai suke buƙata.

Ragama da maɗaurin hanci

A al'adarmu ragama ce kayan yau da kullum. Da ita ake jan doki zuwa ruwa, da ita ake riƙe shi a yi masa wanka, kuma sau da yawa akan bar ta a ƙarƙashin linzami ranar hawa domin zagi ya sami abin kamawa. Ragamar gargajiya ba ta rufe bakin doki. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan harshen ƙarfe ya tashi, buɗe baki ita ce kaɗai hanyar da dokin zai rage wa ganɗarsa zafi.

Kayan da ake shigowa da su daga waje sun zo da wani abu daban, wato maɗaurin hanci na fata mai maɓalli. Akwai mai sauƙi wanda ke zagaye fuska a sama da linzami. Akwai mai ƙarin siririyar fata da ke saukowa ta gaban linzami ta ɗaure leɓɓa. Akwai mai gicciye a kan karan hanci, wanda 'yan sukuwa da 'yan folo ke so. Akwai kuma mai ninki, wanda ake iya ja a tamke shi tamau ba tare da wahala ba. An yi waɗannan ne domin su tafi da linzami mai sauƙi, su hana shi yawo a baki. Idan aka haɗa matsattsen maɗauri da linzaminmu mai zobe, an toshe wa dokin mafita. Ƙarfe na tura baki ya buɗe, fata na hana shi buɗewa, kunci kuma ya matsu a kan kaifin turame. Wannan shi ne haɗi mafi muni da mai doki zai iya yi, ko da kuwa a ido dokin ya yi kyau da bakinsa a rufe.

Inda maɗaurin ke zama shi ma abin lura ne. Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai Allah ya yi masa. Ƙashin karan hancinsa yana sirancewa yayin da ya sauko, daga ƙarshe sai guringuntsi mai taushi. Igiyar da ta zamo ta sauka can ƙasa tana toshe masa iska, a ranar da yake gudu cikin zafin bazara da mutum da kaya a bayansa. Wurin da ya dace shi ne kamar faɗin yatsa biyu a ƙasa da ƙashin kunci da ya turo, kuma a bar sararin da yatsu biyu za su shige tsakanin fatar da karan hanci. A kan karan hancin ake gwadawa, domin a gefe nama na lotsawa ya yaudari mai gwaji.

Abin da bincike ya gano a wasu ƙasashe

Matsalar ba ta tsaya a kanmu ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba dawakin gasa fiye da 700 a Ayilan da Ingila da Beljiyam, ya gano kashi 44 cikin ɗari an ɗaure musu hanci ta yadda ko yatsa ɗaya ba zai shiga ba, kashi 7 kacal aka bar wa sararin yatsu biyu. A 2016 masana a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada dawaki 12, suka ga idan aka tamke maɗaurin gaba ɗaya bugun zuciya na ƙaruwa, dokin kuma yana rage haɗiyar miyau da tauna da lasar baki. A Denmak an duba dawaki sama da 3,000 bayan gasa, aka sami kusan kashi 9 cikin ɗari da rauni ko jini a gefen baki, kuma raunin ya fi yawa ga waɗanda aka matse wa hanci. Hukumar wasannin dawaki ta ƙasar ta kafa doka tun 2018 cewa a bar sararin santimita ɗaya da rabi. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, mai hedikwata a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ta fara amfani da wani ɗan ma'auni mai kaurin santimita 1.7 a 2025, wanda dole ya shige ƙarƙashin maɗauri kafin a yarda da ɗaurin.

Akwai darasi kuma daga makiyayan Kalifoniya na da, waɗanda suka gaji hawan doki daga Sifaniyawa. Su ma suna da linzami mai dogon harshe, ɗan uwan namu. Amma ba sa sa wa doki shi sai bayan shekaru. Da ragama mai kauri suke fara horo, daga baya su haɗa ragamar da linzamin dokin na ɗauke da shi ba a ja, sai ya ƙware sannan a cire ragamar. A wurinsu babban linzami shaidar kammala karatu ce ga doki. Tsofaffin masu dawaki a ƙasar Hausa sun san wannan tsari, ko da ba su rubuta shi ba.

Wane doki, wane aiki, wane hannu

Linzamin Bature ya daɗe a jihar Katsina. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. Ta wannan ƙofar da ta sukuwa aka san linzami mai gaɓa a tsakiya da zobe biyu a gefe, wanda ba ya ninka ƙarfin hannu, da kuma mai gajerun ƙafafu da sarƙa a ƙarƙashin haɓa. Saboda haka mai doki a Daura yau yana da zaɓi, abin da ya rage shi ne ya san wanne ya dace da wanne.

Duƙushin da ake fara hawa, ragama ta ishe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a ragama doki ke koyon tsayawa da juyawa da ja da baya ba tare da ya tsani hannun mutum ba. Ragamar ta kasance mai faɗi da laushi a kan hanci, domin siririyar igiyar roba tana yanka fata. Idan ya fahimci wannan, sai a sa masa linzami mai gaɓa, santsi, da maɗauri mai sauƙi a sake.

Dokin kilisa, da wanda ake bayarwa haya domin hawan angonci ko saukar karatu, shi ya fi kowa shiga haɗari, domin hannu goma ke riƙe shi a mako, kuma da yawa daga cikin matasan da ke hawa da igiyar suke riƙe kansu kada su faɗi. Duk tangal-tangal ɗin da mahayi ya yi, bakin doki ke biya. Irin wannan doki linzami mai sauƙi ya kamace shi. Mai bayar da haya da ya miƙa wa sabon mahayi linzami mai zobe, dukiyarsa yake lalatawa da hannunsa.

Dokin hawan Sallah da ya ƙware, wanda mai shi ya san shi ya san hannunsa, yana iya ɗaukar linzamin gargajiya lafiya, da sharaɗin a bar bakinsa a sake da ragama kawai, a zaɓi mai gajeren harshe da gajerun ƙafafu, zoben kuma ya zama mai kauri da santsi, ya zauna a lotsin haɓa inda nama yake, kada ya hau sama kan ƙashi. Ana iya naɗe ƙasan zoben da fata mai laushi. Ga wanda ke son tsayuwa mai kyau amma hannunsa bai gama nuna ba, mai sarƙa ya fi sauƙi, in dai an kwantar da sarƙar ba ta murɗe ba, kuma ba ta kamawa sai ƙafafun sun karkata kamar rabin hanya.

Girman kai ma ya bambanta. Dawakinmu na gida da waɗanda ake kawowa daga Nijar ta Kongolam zuwa kasuwar Mai'aduwa, ko ta Maigatari a Jigawa, bakinsu bai kai faɗin na manyan dawakin Ajantina da ake sayo wa folo ba. Linzamin da aka yi domin waɗancan yakan yi wa namu yawa, ya riƙa zamewa hagu da dama yana gurzar dasashi. Wanda ya yi kaɗan kuma yana tsunkule leɓe.

A gaban maƙeri

Babbar sa'ar da muke da ita ita ce maƙeri yana kusa, kuma zai iya ƙera abin da aka auna. Kafin ka je, sami kara mai santsi ka gitta shi a bakin dokin inda linzami ke zama, ka yi alama a gefen leɓe biyu, ka ƙara kamar rabin santimita a kowane ɓangare. Ka auna kewayen haɓa da zare domin zobe. Ka ɗaga leɓe ka duba ko harshensa mai kauri ne ya cika baki, ko ganɗarsa a ƙasa take, domin irin wannan ba ya ɗaukar ƙarfe mai kauri ko mai dogon harshe.

Idan aka fito da ƙarfen daga wuta aka gama bugu a kan uwar maƙera, aikin da ya fi muhimmanci shi ne na magagari. Rufe ido ka bi linzamin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ka shafa shi a cikin hannunka inda fata ke da laushi. Duk inda ya karce ka, zai yanka doki. Rodin gini da ba a goge zanensa ba bai dace da bakin dabba ba, haka ma wanda tsatsa ta ci ya yi ramuka, ko wanda mahaɗinsa ya sassauta yana cizon fata. Araha ba ta ado, kuma kuɗin gyaran linzami bai kai na jinyar baki ba.

Bayan an kawo shi gida, kulawa ta rage. A wanke linzami bayan kowane hawa, domin busasshen miyau da dusa suna zama kamar yashi. Kada a bar shi a rana lokacin bazara a ɗauko a cusa a baki da zafinsa. Lokacin hunturu leɓe na tsagewa, fata na bushewa ta yi ƙarfi, ɗan man kaɗanya yana maganin duka biyun. Wajen sawa kuma a zura yatsa a giɓin baki dokin ya buɗe da kansa, kada a buga masa ƙarfe a haƙora. A ɗaga shi ya taɓa gefen baki da ɗan lanƙwasa ɗaya, kada ya sauko ya riƙa bugun fiƙa.

Abin da dokin ke faɗa

Doki ba ya kuka idan an ji masa ciwo a baki, amma yana nunawa. Hangame baki, zaro harshe, wurga kai sama, cusa haɓa a ƙirji, turjiya, taɓarya ba dalili, ƙin yarda a taɓa masa kai, duk saƙo ne. Kumfa kaɗan fara a leɓe ba laifi ba ce, amma kumfa mai ja jini ne, kuma bai kamata a ɗauke ta alamar zafin doki ko jarumtar mahayi ba. Kashegarin hawa, mai doki ya shiga barga da kansa ya ɗaga leɓe, ya duba gefen baki da dasashi da ƙarƙashin haɓa, ya tsaya ya ga yadda yake cin dawa. In akwai rauni, a ajiye linzami, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a ba shi jiƙaƙƙiyar dusa, a koma ragama har ya warke. In ya yi zurfi ko yana wari, a kira likitan dabbobi.

Addininmu bai bar wannan a matsayin ganin dama ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, kuma malamai sun yi bayanin cewa za a tambayi mutum game da dabbar da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya kiyaye fuska, bakin da ke cikinta ya fi cancanta ya kiyaye.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dawaki na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, kuma idon baƙi zai ƙara karkatowa kan hawan dukkan masarautunmu. Daura, da ake yi wa kallon tushen Hausa, ita ta fi dacewa ta fara gyara. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin masarauta ba: Shamaki da masu kula da bargar hakimai su riƙa duba bakin dawaki kafin hawa da bayansa, likitocin dabbobi na ƙananan hukumomi biyar na masarautar su zagaya kafin Sallah da Gani domin gyaran haƙora, maƙera su riƙa tambayar awo kafin su hura wuta, masu haya su ware linzami mai sauƙi domin sababbin mahaya. Dattawan da suka iya riƙe linzami mai zobe da yatsa biyu suna nan da ransu a unguwannin Daura da ƙauyukanta, kuma wajibi ne a zaunar da samari a gabansu su koya tun kafin su tafi da abin da suka sani.